Babi na Shida: Kurtu da Kwalba

Tun daga shekarar 2012 kamfanin Pelikan na ƙasar Jamus yake fitar da abin da ya kira tawadar shekara. Launi ɗaya ne rak, a kwalba mai cin mililita 50, da sunan wani dutse mai daraja a goshinta: Turmaline a 2012, Amber a 2013, Garnet a 2014, haka dai ake ta tafiya. Akan sayar da ita na ɗan lokaci, in ta ƙare a kanti shi ke nan, sai a jira ta baɗi. Montblanc ma yana yin irin wannan, yana raɗa wa tasa sunayen marubuta da wasu mashahuran mutane. Diamine na birnin Liverpool ya fara fitar da akwati mai kwalabe 25 a ƙarshen shekarar 2019, kowace kwalba da launinta. A Japan abin ya fi haka nisa, domin akwai kantunan da ke sa kamfanin Sailor ya haɗa musu launin da ba a samunsa ko'ina sai a wurinsu; kantin Nagasawa na birnin Kobe ya soma nasa jerin a 2007, yana ba kowane launi sunan wata unguwa ko wani wuri na birnin. Duk wannan tawada ta alƙalami mai shan tawada ce, irin wanda tsofaffin malaman elemantare da akawunan En'e suka riƙe kafin biro ya ture shi gefe. Masu sayenta kuwa ba dukansu ke rubutu da ita ba. Wani yakan sayi kwalba biyu, ɗaya ta aiki ɗaya ta ajiya, wani kuma ko murfin ba ya buɗewa, yana jiran ranar da za ta yi wuyar samu ya sayar da riba.

Ko wannan tari yana biyan kuɗin sabulu? Amsar ta fi sauƙin samuwa a wuri irin Kongolam fiye da a Landan ko Tokyo, saboda a can tawada ta zama abin marmari, a nan kuwa har gobe kayan aikin yau da kullum ce. Kongolam na bakin iyakar Nijeriya da Nijar a masarautar Daura, kan hanyar da ta wuce ta Ɗan Barto da Matamai zuwa Damagaram. Layin da Ingila da Faransa suka ja a farkon ƙarni na 20 ya raba hukuma da kuɗi da harshen ofis, amma bai raba allo ba: yadda kolo ke tsoma alƙalaminsa a kurtu a Mai'aduwa haka ɗan'uwansa ke yi a Kance, da tawada iri ɗaya, a ruwayar Warshu iri ɗaya. An rufe iyakar nan a watan Agustan 2019, an sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023, shinkafa da mai suka yi tashin gwauron zabi, amma ba a taɓa jin makarantar allo ta tashi don an rasa tawada ba. Hujjar wannan babi daga nan ta taso. Tawada ba ta da darajar da za a kulle a ɗaki. Darajarta tana tabbata ne bayan ta hau takarda. Ƙarancin da kamfani ya ƙaga da gangan kuma mabuɗinsa na hannun kamfanin. Abin da ke ƙaranci da gaske a ƙasar Daura, wanda ya cancanci mai sha'awa ya kashe masa kuɗi da lokaci, shi ne sanin yadda ake haɗa tawadar da kuma takardun da aka rubuta da ita.

Sai an dubi kurtun da kyau za a gane dalili. Tawadar allo ta gawayi ce. Wasu kan kankare baƙin tukunya, wasu kan ƙona itace, musamman na aduwa, su sami zuge, a daka shi ya yi laushi, a tankaɗe, a haɗa shi da ƙaron da aka jiƙa ya narke, a yi ta damawa ko a dafa har ya kama jikinsa. Gawayin ne baƙin, ƙaron kuma shi ke riƙe ƙwayoyinsa kada su kwanta a gindin kurtu, shi ke kuma manne su a kan allo. In ƙaro ya yi kaɗan, rubutu ya bushe ya kakkaɓe kamar toka. In ya yi yawa, tawada ta yi danƙo, alƙalamin gamba ya riƙa ja da ƙyar, harafi ya fito da kauri yana ƙyalli. Gardin da ya ƙware ba ya awo da cokali, da yatsa yake gane ta yi. Wannan tawada ba ta shiga jikin itacen allo, zama take yi a samansa, kuma haka ake so, tun da gobe da safe za a wanke a sake sabon rubutu. Ita ce kuma ake rubutun sha da ita, shi ya sa ba a saka mata abin da ciki ba zai ɗauka ba. Rana ba ta koɗar da ita ko ta shekara nawa, domin gawayi ba ya koɗewa, amma ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya tafi da layi guda. Wanda ya bar ta ta kwana biyu a kurtu lokacin bazara kuma ya san warin tsamin da take yi. Ba wanda ya taɓa tunanin ajiye irinta don jikoki.

Tawadar takarda daban take, ita ce yambari. Ana jiƙa ko dafa 'ya'yan bagaruwa, waɗanda majema ke jeme fata da su, a zuba wa ruwan wani abu mai ƙarfe a jikinsa, kamar kashin maƙera, a ƙara ƙaro, a tace. Sinadarin nan mai bauri da ke cikin bagaruwa, in ya gamu da ƙarfe, sai ya haifar da baƙi. Abin ban sha'awa shi ne baƙin ba ya gama fitowa a cikin tukunya. Marubuci yakan ja layi ya gan shi fari-fari kamar ruwan shayi, sai iska ta buge shi ya riƙa duhu a hankali, kuma a wannan lokacin ne yake kama zaren takardar ta yadda ruwa ba zai iya wanke shi ba. Bayan shekaru masu yawa yakan juya ya koma ruwan ƙasa mai duhu, launin da duk wanda ya taɓa buɗe tsohuwar gafaka ya sani. A kan wannan baƙin ne mai rubuta Alƙur'ani ke bi da sauran launuka, kowanne da aikinsa: ja don wasali, ɗigon ruwan ɗorawa don hamza, kore don alifin da ake sadarwa. Jan da ake samu daga koya, wato jar ƙasa, daga baya galurar kanti ta shigo ta raba masa kasuwa. Launi a nan ƙa'idar karatu ce, in aka sa shi inda bai dace ba mai karatu zai yi kuskure. Alaramman da ya zauna rubuta izu sittin da ka yana buƙatar baƙin da ba zai sauya ba daga Baƙara har Nasi, aikin da ke cin watanni, alhali tawadar da ya haɗa ba za ta kai shi ƙarshe ba sai ya sake wani haɗin. Daidaita haɗi na biyu da na farko gwaninta ce mai zaman kanta.

To a nan ne za a ga tawadar fitowa ɗaya ta gaskiya. Bagaruwar bana ba ta zama daidai da ta bara ba, ruwan rijiyar wannan gari ba irin na wancan ba ne, kashin maƙera ya danganta da maƙerar da aka kwaso shi, hannun mai haɗi ma yana sauyawa da shekaru. Kowace tukunyar yambari ita kaɗai ce irinta, kuma ko mai ita ya so maimaita ta ba zai iya ba. Ta kamfani kuwa lissafinta na rubuce a kwamfuta, ranar da hukumar kamfanin ta ga dama sai ta sake bugawa. Pelikan ya yi hakan: Garnet da Aquamarine, waɗanda aka ce na shekara ɗaya ne, daga baya an dawo da su kanti. Labarin Lamy na birnin Heidelberg ya fi kowanne fito da abin fili. A 2016 ya fitar da wata tawada ruwan shunayya mai duhu mai suna Dark Lilac, ta ƙare da wuri, masu nema suka yi ta ƙaruwa, har kwalbar da aka saya da 'yan daloli ta riƙa tashi a ninkin-ba-ninkin kuɗinta a kasuwar intanet. A farkon 2024 sai ga Dark Lilac ta sake bayyana, wannan karon a matsayin hajar kullum. Masu tari suka gwada suka ga launin ya ɗan bambanta, ƙyallin da ke fitowa a samansa ya fi karkata ga kore. Kamfanin ya amsa cewa ba ainihin ta 2016 ba ce, domin ba a ƙara samun ɗaya daga cikin sinadaran rinin da aka yi ta farko da shi. Rigimar ta yi girman da har jaridun Amurka suka ɗauka. Darajar abin da mutum ya ɓoye shekara takwas ta rataya ke nan a kan shawarar wani ofis da bai san da zamansa ba.

Mai kare tari zai ce ai labarin nan hujjarsa ce: tun da sabuwar ba ta yi daidai da tsohuwar ba, tsohuwar na nan da tsadarta, kuma ga Penman Sapphire ta kamfanin Parker, wadda aka daina yi tun wajen shekarar 2000, har yanzu ana farautarta. Gaskiya ne waɗannan biyun sun yi tsada. Sai dai sunayensu ake ta maimaitawa saboda su ne 'yan kaɗan da suka dace, ɗaruruwan launukan da aka fitar a shekarun nan kuwa suna nan a kan kantocin masu su, ba mai tayawa. Ba wanda ya san a 2016 cewa wannan shunayyar ce za ta yi farin jini ba koren da ke kusa da ita ba, don haka mai neman riba sai ya sayi duka, ribar guda ɗaya kuma ba ta rufe kuɗin sauran. Wani zai ƙara da cewa ga ɗan Nijeriya ko ba a sami ƙari a dala ba an tsira daga faɗuwar naira, wadda a farkon 2023 take wajen 460 a kan dala a farashin gwamnati, kafin watan Maris na 2024 ta haura 1,500. Wannan lissafi yana mance wa zai saya. Kadara sai da kasuwa, kuma babu kasuwar tsohuwar tawadar Jamus a Daura, babu a Kantin Kwari. Mai saye yana Turai ko Amurka, zai so tabbacin ba a buɗe ba, ba a sirka da ruwa ba, sa'an nan a aika masa kwalbar gilashi mai ruwa a ciki ta jirgi, a biya kuɗin da ya kusa cinye ribar. Ɗan maraƙin da aka saya a kasuwar Mai'aduwa aka yi masa kiwon wata shida ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ga kuma matsalar jikin hajar. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tawadar alƙalamin zamani mafi yawanta ruwa ne, da ɗan rini, da ɗan maganin hana fumfuna. Murfi komai kyansa yana barin ruwa ya ƙafe a hankali, maganin yana rauni da shekaru, wasu launukan suna sauyawa a cikin kwalbar ma. Masu wannan sha'awa a Turai sukan ba da shawarar a ajiye ta a wuri mai sanyi da duhu, wanda a ƙasar da zafin Afrilu ke haura digiri 40 a inuwa, hunturu kuma ya busar da komai har leɓe, ba ƙaramin sharaɗi ba ne. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne yawancin launukan da ake rububi, masu ƙyalli da masu sauya kala a kan takarda, su ne mafiya rauni in an yi rubutu da su. Rini ne, hasken rana yana cinye shi, ruwa yana kwashe shi. Shi ya sa a Ingila, inda aka daɗe ana rubuta rajistar haihuwa da aure da mutuwa da hannu, hukuma ba ta yarda da kowace tawada ba sai mai ƙarfe, baƙa mai ratsin shuɗi, wadda asalin haɗinta ɗaya ne da na yambari: sinadarin bauri daga tsiro, da ƙarfe. Tawadar da alaramma ke dafawa a tukunyar ƙasa ta fi kusa da abin da hukumar Ingila ta amince wa tarihinta fiye da kwalbar da ake gwanjonta.

Akwai wata hujja da ta fi waɗannan ƙarfi, kuma ba ta neman riba ko kaɗan. Mai ita cewa yake yi shi sha'awa ce ta sa shi, launi yana faranta masa rai, kuma ba a tambayar mai tattabaru ribar da ya ci, ba a tambayar wanda ya shekara yana ciyar da doki don hawan Sallar Gani a Daura ko kuɗinsa sun dawo. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Wannan magana daidai ce, kuma mutanen da suka ƙawata allon sauka da zayyana, suka cika gefen Alƙur'ani da adon rubu'i da sumuni, ba su ne za a koya wa son launi ba. Wanda ke da hali ya sayi kwalbar da ta burge shi, babu laifi. Amma misalin dokin ma yana nuna iyakar hujjar, don ana kiwonsa ne a hau, kuma jin daɗin yana wurin hawan. Launin tawada ba ya ganuwa a kwalba. Duk masu duhu kusan baƙaƙe suke a ido har sai an shimfiɗa su a farar takarda. Masu tarin da suka daɗe a harkar sun gane haka, shi ya sa sukan buɗe kundi, su shafa kowace tawada a kati, su rubuta sunanta da ranar da alƙalamin da aka yi amfani da shi, kuma wannan kundin ne suke nuna wa baƙo. Ko a wurinsu, takardar ce ta zama abin tarin. Gargaɗi ɗaya ga wanda sha'awar za ta kai shi haɗa biyun: kada ya kuskura ya ɗura zuge ko yambari a alƙalami mai shan tawada, ƙaro zai bushe a 'yan hanyoyin da ke cikinsa ya toshe su.

Za a iya cewa wannan duk yabon gargajiya ne irin na wanda ba shi ke dakan gawayin ba, kuma tawadar da ma tana da nata aibin. Tana da shi, babba ma. Tawada mai ƙarfe in haɗinta bai daidaita ba, ƙarfen ya rinjayi baurin, takan ci takardar da aka rubuta ta a kai. Da farko harafi ya yi inuwa a bayan shafi, sa'an nan wurin ya yi rauni, daga ƙarshe ya zube ya bar rami mai siffar harafin. Haka ta yi wa rubuce-rubucen hannun mawaƙin Jamus Johann Sebastian Bach da ke ajiye a Balin, har aka kashe kuɗi masu yawa wajen ceto su, kuma laima tana ƙara saurin cutar. Sai dai wannan aibi shi ne babban dalilin da ya sa sanin haɗin yake da tsada. Tsakanin yambarin da ke ƙarni biyu garau da wanda ke cin shafinsa akwai bambancin awo, da tsawon jiƙo, da yawan ƙaro, kuma wannan sani a kan mutane yake, ba a rubuce ba. Mai gyaran tsofaffin takardu ma ba zai taɓa shafi ba sai ya san da wace tawada aka rubuta shi, domin ɗan danshin da yambari zai jure shi ne zai share zuge. Michaelle Biddle, wata ma'aikaciyar laburare daga jami'ar Wesleyan ta Amurka, ta zagaya ɗakunan ajiyar rubuce-rubuce na Arewacin Nijeriya a 2008, a 2011 kuma ta buga nazari kan tawadar da ke cikinsu, inda ta haɗa hanyoyin haɗi na da da gwajin kimiyya, ta kuma nuna yadda kayan haɗin suka yi tarayya da na magungunan gargajiya. Aiki ne mai kyau, amma ƙasar da ta tashi daga Sakkwato zuwa Yola ta fi ƙarfin maƙala ɗaya.

Dalilin gaggawa shi ne buƙatar da ta raya yambari tana raguwa. Muddin littafi sai an kwafa da hannu, kowane gari mai malamai dole ya sami masu haɗa tawada. A kan haka aka rubuta littattafan su Ɗan Masani da Ɗan Marina na Katsina a ƙarni na 17, da Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello a 1812, da waƙoƙin Nana Asma'u, galibi a takardar da ake kawowa daga Italiya ta Tarabulus da Masar, mai alamar jinjirin wata uku da ake gani in an ɗaga ta ga haske. Daura na da nata rabon: Girgam ɗin da ya jero sarakunanta, wanda H. R. Palmer ya sa fassararsa a littafinsa na 1928, da kuma zamanin da gidan sarautar Haɓe ya zauna a Zango da Ɓaure ƙarƙashin inuwar Damagaram bayan jihadi, har Turawa suka mai da Malam Musa Daura a 1906, zamanin da duk wata wasiƙa tsakanin fada da fada da alƙalamin kara aka rubuta ta. Injin ɗab'i ya sauya wannan lissafi. Marubuta irin Sharif Bala Gabari na Kano, wanda ya rasu a 2014, sun sami hanyar rayuwa da injin: a rubuta kwafi ɗaya da hannu, a ɗauki hotonsa a buga dubbai. Hannu ɗaya ya wadatar da garuruwan da a da sai marubuta da yawa. Alƙur'ani bugun Madina, da aka buɗe ma'aikatarsa a 1984, ya zo ya cika masallatai. Zuge zai daɗe, tun da allo na nan. Yambari kuwa ya rage a hannun masu rubuta Alƙur'ani da ka da 'yan kaɗan irinsu, kuma ko su ɗin galurar kanti tana sauƙaƙa musu aikin launuka.

Kada a ɗauka ana cewa mai kuɗi ya bar kwalaben Jamus ya shiga ƙauyuka sayen gafakokin mutane. Wannan tarin ya fi wancan ɓarna. Kasuwa in ta buɗe wa tsofaffin takardu, dillali yakan raba littafi ɗaya shafi-shafi don ya fi kuɗi, kuma tun da littattafanmu ba ɗinkakku ba ne, warwara ce a cikin tadarishi, raba su ba ya buƙatar ko almakashi. Shafin da ya bar gidansu ya rabu da sunan marubucinsa da shekarar da ke rubuce a ƙarshen littafin, ya zama ado kawai. Tara komai a gini ɗaya ma ba tabbas ba ne. A watan Janairun 2013 an ƙona ko an kwashe rubuce-rubuce kimanin 4,000 a cibiyar Ahmad Baba ta Tumbuktu, yayin da mafi yawan na birnin suka tsira saboda iyalai da ma'aikata sun riga sun fitar da su a ɓoye zuwa Bamako. Gidan Arewa na Kaduna, da cibiyar Waziri Junaidu ta Sakkwato, da sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na jami'ar Yamai, duk suna da muhimmanci, amma ba su ne za su maye gurbin gida ba. Taimakon da mai sha'awa zai yi wa takarda ba shi da wuya: a ɗauki hotonta da izinin masu ita a bar musu abinsu, a ɗaga ta daga ƙasa saboda gara, a nisanta ta da rufin da ke yoyo, a hana a manna mata salatif ko a rufe ta da roba mai zafi, domin waɗannan biyun sun kashe takardun da suka tsallake shekara ɗari lafiya.

Tarin haɗi shi ne wanda ba ya raba kowa da komai, don malamin da ya faɗi yadda yake yin tawadarsa bai rasa ta ba. Wasu za su ƙi, musamman inda haɗin ya shafi rubutun sha da sirrin da aka gada, kuma haƙƙinsu ne. Ba a matsa wa malami a kan abin da ya ce amana ce. Amma yambarin rubuta littafi sana'a ce da ake koya wa almajiri a fili, kuma wanda ya je da ladabi, ya durƙusa ya gaida alaramma, ya sayi tawadar da kuɗinta, ba a cika korarsa ba. Kayan aikin ba su wuce kundi mai takarda mai kyau ba. Kowane shafi a ba shi tukunya ɗaya: mai haɗin ya ja layi biyu ko uku da alƙalaminsa, a rubuta garin da watan da shekarar, da inda aka samo bagaruwar da ƙaron, ko na dakwara ne ko na wani icen, da ruwan rijiya ne ko na famfo, da kwana nawa aka jiƙa, da sunan malamin da ya koya masa in ya yarda a rubuta. A shafa wani layin a wata takarda a ajiye inda rana ke bugu, bayan shekara a gwada su biyun. Daura na da makarantun da za su iya ɗaukar irin wannan aiki, har da kwalejin da ke ɗauke da sunan Yusufu Bala Usman, masanin da ya gina tarihin Katsina a kan tsofaffin takardu da bakin dattawa. Kuma tun da malaman Zango da Ɓaure da Mai'aduwa sun yi karatu tare da na Matamai da Magarya da Damagaram, kundin da ya tsaya a shingen kwastan na Kongolam rabin labarin kawai zai kawo, sai an sami wani a tsallaken da zai cike shafukan can.